Littafi Kafin Barci: Uwa, Yara da Unguwa a Gidajen Yahudawan Amurka

A watan Disamba, rana kan faɗi a birnin Niyok wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Ga yawancin mazauna birnin, wannan alamar hunturu ce kawai. Amma ga uwar gida Bayahudiya mai riƙo da addini a unguwar Borough Park da ke Buruklin, faɗuwar ranar Juma'a ita ce iyakar duk wani aikin mako. Saura minti 18 rana ta faɗi za ta kunna kyandir na shigowar Asabar, ranar hutun da suke kira Shabbat. Daga nan ba girki, ba wanki, ba kunna lantarki ko kashe shi, ba shiga mota, ba taɓa waya, ko rubutu da zane ba a yi, har sai taurari uku sun fito a daren Asabar. A wasu unguwannin har jiniya ake busawa don kada lokaci ya ƙwace wa wani.

Shi ya sa tun da sassafe take tsaye. Ta kwaɓa fulawar burodin nan da ake tufkewa, wanda sai an ajiye guda biyu a kan tebur. Ta ɗora tukunyar wake da sha'ir da dankali da nama, wadda za ta kwana a kan ƙaramar wuta don a ci gobe da rana. Ta yi wa yara wanka ɗaya bayan ɗaya, ta fito da kayan kowa. Jariri na kuka, 'yar shekara biyu ta kifar da madara, ɗan shekara biyar ya dawo daga makaranta da wuri, riƙe da takarda mai tambayoyi kan kason Attaura na wannan makon, wadda babansa zai bi da shi a kan tebur bayan an ci abinci. A cikin wannan hada-hada akwai aiki ɗaya da ba ta yarda ya sha ruwa. Tun ranar Alhamis ko safiyar Juma'a ta tura keken jariri zuwa laburare ta cika kwandon da ke ƙarƙashinsa da littattafai, ta kuma karɓo mujallun mako masu shafukan yara, irin su Mishpacha da Ami. Ta san abin da ke tafe: awa 25 da yara a gida, babu talabijin, babu wayar da za a miƙa wa mai rigima don ya yi shiru.

An daɗe ana yaɗa wata magana, a Turai da Amurka har da nan wajenmu, wai Yahudawa haifarsu ake yi da ƙwaƙwalwa ta daban. Masu yabo na faɗa, masu ƙiyayya ma na faɗa, kowa da manufarsa. Alƙaluman da ake kafa hujja da su gaskiya ne. Binciken cibiyar Pew na 2016 ya nuna cewa a cikin mabiya manyan addinan duniya, Yahudawa ne suka fi daɗewa a makaranta, shekara 13.4 a matsakaici, kodayake babban dalili shi ne akasarinsu suna zaune a Amurka da Isra'ila, inda makaranta ta wadata. Amma ni ban yarda jini ne ba. Duk wanda ya dubi yadda mako ke gudana a irin wannan gida zai ga cewa karatun gina shi ake yi, dare bayan dare, a hannun mace mai gajiya, da taimakon unguwar da ta tsara kanta don rage mata nauyi. Inda aka rasa ɗaya daga cikin biyun, sai abin ya fara tangal-tangal, kuma su kansu sun fi kowa sanin haka.

Tsohuwar doka mai tsada

Littafin Talmud, taskar fikihu da muhawarar malamansu, ya ajiye sunan wani babban firist na Kudus, Joshua ben Gamla, wanda ya riƙe muƙamin wajen shekara ta 64 Miladiyya. Kafin shi, yaron da ke da uba shi ke samun mai koya masa, maraya kuwa sai ya tashi haka nan. Shi ne ya ba da umarni a sanya malaman yara a kowane yanki da kowane gari, a kuma kai yaro tun yana ɗan shekara shida ko bakwai. Bayan 'yan shekaru, a shekara ta 70, Rumawa suka rushe Haikalin Kudus. Ibadar da ta dogara ga yanka da firistoci ta tsaya cak, sai addinin ya koma dogaro ga karanta littafi.

Wasu masana tattalin arziki biyu, Maristella Botticini da Zvi Eckstein, sun bi diddigin abin da ya biyo baya a littafinsu The Chosen Few na 2012. Hujjarsu ita ce, wajabta wa manomi ya ilimantar da ɗansa abu ne mai tsada, domin yaron da ke gaban malam ba ya gona. Da yawa sun kasa, suka bar addinin suka shiga wasu, har yawan Yahudawa ya ragu ƙwarai a ƙarnonin farko. Waɗanda suka jure suka zama jama'a mai iya karatu da lissafi. Da daular Abbasiyya ta bunƙasa birane irin su Bagadaza, kasuwanci ya buƙaci mai iya rubuta wasiƙa da yarjejeniya, sai suka bar gonaki suka shiga gari. Akwai masu tarihi da ba su yarda da kowane ɓangare na wannan bayani ba, amma jigonsa yana da ƙarfi: karatun nan an saye shi da wahala, kuma ba kowa ne ya iya biya ba.

Don a sa wa yaro son abin, sai aka haɗa masa da zaƙi. A Jamus da Faransa na ƙarni na 12 da na 13, ranar da za a fara kai yaro wajen malam, akan lulluɓe shi da mayafi a ɗauke shi a hannu. Malam ya kawo allo mai haruffan Ibrananci, ya karanta, yaro ya maimaita, sannan a shafa zuma a kan haruffan yaro ya lashe. A ba shi waina da dafaffen ƙwai waɗanda aka rubuta ayoyi a jikinsu. Wanda ya tashi da allo da tawada da rubutun sha ba zai ji wannan baƙo ba. Har yau gidajen Hasidawa, masu tsananin riƙo da al'adar kakanni, suna yin haka idan yaro ya cika shekara uku, ranar da ake yi masa askin farko.

Sai dai duk wannan tsari na maza ne. Yarinya ba ta cikin dokar Ben Gamla.

Matan da suka nemo wa kansu hanya

Mata ba su zauna jira ba. A Gabashin Turai, inda harshen gida shi ne Yidish, wani malami mai suna Jacob ben Isaac Ashkenazi na garin Janów a Foland ya rubuta littafin Tsene-rene, wanda ya ba da labaran Attaura da sharhinsu cikin harshen da mata ke ji. Bugu mafi tsufa da ya rage shi ne na 1622, kuma an sake buga shi fiye da sau 200. Shi ne littafin yammacin Asabar na iyaye mata: uwa ta zauna ta karanta da ƙarfi, yara na kewaye da ita, kafin su san harafi sun san labarin Annabi Yusufu da 'yan'uwansa.

Akwai kuma Glikl, wadda aka fi sani da Glückel ta Hameln, 'yar kasuwa a Hamburg. An aurar da ita tana 'yar shekara 14, ta haifi 'ya'ya 14, mijinta ya rasu a 1689 ya bar mata kasuwancin duwatsu masu daraja da ɗawainiyar gida. A 1691 ta fara rubuta tarihin rayuwarta cikin Yidish, da dare, don ta kori baƙin cikin da ke hana ta barci, kuma don 'ya'yanta su san daga inda suka fito. Ta rubuta kan bashi da annoba da sadakin aure da tafiye-tafiyen kasuwa. Ta rasu a Metz a 1724, ba a buga littafin ba sai 1896. Yau masu tarihi ba sa iya magana kan rayuwar gidan Yahudawan Turai na wancan zamani ba tare da sun leƙa abin da wannan bazawara ta rubuta ba.

Makarantar 'yan mata kuwa sai a 1917 ta samu tsayayyiya a tsakanin masu riƙo da addini. Wata tela a birnin Kraków, Sarah Schenirer, ta lura 'yan matan gidajen malamai suna zuwa makarantun gwamnati suna dawowa ba su san komai na addininsu ba, alhali 'yan'uwansu maza na gaban malam dare da rana. Ta tara yara mata 25 a ɗakin ɗinkinta ta fara koyar da su. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, makarantun Bais Yaakov da suka tsiro daga wannan ɗaki sun haura 200. Kisan ƙare-dangi na 'yan Nazi ya haɗiye akasarin malamai da ɗaliban, amma waɗanda suka tsira sun sake kafa makarantun a Amurka da Isra'ila da Ingila. Yawancin iyaye mata da ke tura keken jariri a Borough Park yau daga irin waɗannan makarantu suka fito.

Zare a kan falwaya

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tsarin unguwannin nan ƙaramin abu ne da baƙo ba zai ma gani ba. Dokar Asabar ta hana ɗaukar kaya daga gida zuwa titi, ko da mabuɗi ne, ko littafi, ko jaririn da bai fara tafiya ba. Tura keken jariri ma ɗaukar kaya ne. Ma'ana, mace mai goyo za ta yini a ɗaki kowace Asabar, shekara da shekaru, miji na wurin ibada, ita tana fama da yara tsakanin bango huɗu. Mafitar da malamansu suka tanada ita ce eruv: a zagaye unguwa da siririn zare a kan falwayoyi, a haɗa da bango da shinge inda suke, sai a ɗauki duk abin da ke ciki tamkar farfajiya ɗaya. Na tsibirin Manhattan ya kai kimanin mil 18, kuma kowane mako akwai malamin da ke bin sa kafin Juma'a ya tabbatar iska ko babbar mota ba ta tsinka shi ba. Idan ya tsinke ba a gyara ba, saƙo zai zagaya, kuma waɗanda za su fi jin jiki su ne mata. A Buruklin malaman sun saɓa kan ingancinsa, don haka a titi ɗaya za ka ga wata ta fito da yaranta, maƙwabciyarta tana leƙe ta taga.

Sai kuma gemach, wato rumbun aro kyauta. Wata mata za ta ware kusurwar gidanta ta tara gadajen jarirai, wata kekunan tura yara, wata rigunan amare, wata kujerun zaman makoki, wata littattafan yara. Mai buƙata ya zo ya ara, ya gama ya mayar, ba ko sisi. A manyan unguwanni jerin sunayen waɗannan rumbuna kan cika shafuka a littafin lambobin waya na unguwa. Idan mace ta haihu, maƙwabta kan raba kwanaki a tsakaninsu, kowace da ranar da za ta kai abincin dare, na mako ɗaya ko biyu. Kafin uwa ta kunna kyandir ranar Juma'a, takan ba kowane yaro kwabo ya jefa a asusun sadaka da ke kan kanta, tun bai san ƙirga ba.

Wani zai ce mene ne haɗin wannan da karatu? Haɗin kai tsaye ne. Macen da ba ta samu wanda ya kawo mata tukunyar miya ba, wadda ta yini a kulle, ba ta da sauran ƙarfin buɗe littafi da dare.

Ga yadda daren yake idan ƙarfin ya rage. An gama wanka, an sa kayan barci. 'Yar shekara biyu ta jawo littafinta mai kaurin shafi, wanda gefensa duk tabon haƙori ne, shi ne dai na jiya da shekaranjiya, kuma ba ta yarda a tsallake shafi. Uwa na zaune a bakin gado, jariri a kafaɗa, yatsanta na bin layi. Idan na Ingilishi ne daga hagu zuwa dama, idan na Ibrananci ne daga dama zuwa hagu, yarinyar ta riga ta san ta wane gefe ake buɗe kowanne. Yayanta ya haddace littafin tuni, yana riga uwar faɗin ƙarshen jimla, wani lokacin har ya gyara mata idan gyangyaɗi ya sa ta sauya kalma. An rufe littafi, kowane yaro ya ɗora hannun dama a kan idanunsa, a karanta Shema, kalmar kaɗaita Ubangiji da Bayahude ke kwana da ita. Duka bai wuce minti goma sha biyar ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka sai a 2014 ta fitar da matsayar cewa a fara karanta wa yaro littafi tun daga haihuwa.

Uwar da ba ta da unguwa

Duk abin da na bayyana ya shafi 'yan tsiraru ne. Binciken Pew na 2020 ya ƙiyasta Yahudawan Amurka miliyan 7.5, kuma kashi 9 cikin 100 ne kawai na manyansu ke bin tafarkin Otodoks mai tsananin riƙo. Kashi 37 na ɓangaren Reform ne, kashi 17 na Conservative, kusan kashi ɗaya cikin uku kuwa ba sa jingina kansu ga kowane ɓangare. Kimanin kashi 35 ne ke zaune a gidan da wani ke da rajista a majami'a. Cikin waɗanda suka yi aure daga 2010 zuwa 2020, kashi 61 sun auri wanda ba Bayahude ba, idan aka cire 'yan Otodoks adadin ya kai kashi 72.

Saboda haka uwar da ta fi yawa ita ce wadda ke zaune a bayan gari a wata jiha mai nisa, tana aiki daga safe zuwa yamma, iyayenta na can tafiyar awa huɗu a jirgin sama. Dokar tarayya ta 1993 hutun haihuwa na mako 12 kawai ta ba ta, shi ma ba albashi, sai dai idan jiharta ko ma'aikatarta ta ƙara. Wataƙila ma ita ba Bayahudiya ba ce, mijin ne, amma ita ce ke kwantar da yara, ita ake tambaya me ya sa gidan maƙwabta ke da bishiyar Kirsimeti. Ba kaka a kusa da za ta ba da labari, ba zare a kan falwaya, ba mai ƙwanƙwasa ƙofa da tukunya.

Wannan uwa ce Harold Grinspoon ya hango. An haife shi a 1929 a garin Newton na jihar Massachusetts, a gidan marasa hali, ya yi arzikinsa da sayen gidajen haya. Ya ji labarin shirin mawaƙiya Dolly Parton, wadda mahaifinta bai iya karatu ba, wadda kuma tun 1995 take aika wa yaran gundumarsu ta Sevier a Tennessee littafi kyauta kowane wata daga haihuwa zuwa shekara biyar. Grinspoon ya fara ɗaukar nauyin shirin nata a yankinsu. Sai a wani bikin Idin Ƙetarewa a gidan ɗansa, daren da ƙaramin yaro ke tashi ya yi tambayoyi huɗu na al'ada kuma yara ke neman gutsuren gurasar da aka ɓoye don a ba su tukuici, ya ga surukarsa ta raba wa yara littattafai masu labaran Yahudawa, ya ga yadda suka rungume su. A 2005 gidauniyarsa ta fara PJ Library, wato laburaren kayan barci, da yara kimanin 200 a yammacin Massachusetts.

Tsarin ba shi da wuya. Iyaye su yi rajista ta intanet, ba a tambayarsu ko suna zuwa majami'a, ba a tambayarsu kuɗi. Kowane wata ambulan ya iso da sunan yaron a jiki, ba sunan babansa ba, kuma duk wanda ya san yara ya san girman wannan. Littafin daidai da shekarunsa yake, kuma sau da yawa daidai da bikin da ke tafe: kafin Hanuka a samu na fitilu takwas, kafin Idin Ƙetarewa a samu na fitowar Bani Isra'ila daga Masar. A naɗin bangon littafin akwai ɗan bayani na iyaye, domin masu shirin sun gane cewa uwar da ke karantawa ita ma sau da yawa yanzu take koyo, kuma tana jin nauyin tambaya. Gidauniyar da ƙungiyoyin Yahudawa na kowane gari ne ke raba kuɗin. Yau littattafan da ke fita kowane wata sun haura 600,000, a ƙasashe da dama, cikin harsuna da suka haɗa da Ingilishi, Ibrananci, Sifaniyanci da Rashanci. A Isra'ila an fara reshensa, Sifriyat Pijama, a 2009 ta hanyar makarantun renon yara: malama ta karanta a aji, kowane yaro ya tafi gida da kwafinsa. A 2014 aka buɗe na Larabci, Maktabat al-Fanoos, don yaran Larabawan ƙasar.

Masu shirin ba su daɗe ba suka gane littafi kaɗai ba ya maganin kaɗaici. Sai suka fara ba iyalai 'yan kuɗi kaɗan don su gayyaci wasu iyalai biyu ko uku cin abincin daren Juma'a, suka kuma ɗauki wasu iyaye aikin neman sababbin masu jego a unguwanni, su kira su shan shayi ko haɗuwa a filin wasan yara. A ganina wannan shi ne amincewa mafi girma da shirin ya yi: abin da uwa ke nema wata uwar ce da za ta zauna kusa da ita, littafin dalilin haɗuwa ne.

Littafin da ya ɓata

Kafin a samu abin aikawa, sai da aka samu marubuta. A 1951 wata uwa a Niyok, Sydney Taylor, ta fitar da All-of-a-Kind Family, wanda asalinsa labaran ƙuruciyarta ne da take ba 'yarta kafin barci. Labarin 'yan mata biyar ne 'yan gida ɗaya a unguwar baƙin haure ta Lower East Side a 1912. Babin farko kan laburare yake. Ranar Juma'a ce, ranar mayar da littafi, ta tsakiyarsu ta ara wa ƙawarta nata ya ɓata, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfinta. Uwar ba ta biya mata ba, ta ce ta je da kanta ta faɗi gaskiya. Ma'aikaciyar laburaren ta yarda a biya da kaɗan-kaɗan, 'yan'uwan suka haɗa kwabbansu. A wani babin uwar tana ɓoye maɓallai a falo don yara su yi shara da marmari.

Babu sarki, babu yaƙi, babu mu'ujiza a ciki, sai gida da talauci da ladabi. Amma yana cikin littattafan farko da wani babban kamfanin ɗab'i ya kai wa dukan yaran Amurka inda yaran Yahudawa ne jaruman labari, suna rayuwarsu ba tare da neman afuwar kowa ba. Lambar yabon da ƙungiyar laburarorin Yahudawa ke bayarwa kowace shekara ga littafin yara da sunanta ake kiranta.

Inda rigar ta yage

Ba zan yi wa mai karatu adalci ba idan na tsaya nan. Yawan buɗe littafi bai hana wasu yaran tashi da giɓi ba. A Satumban 2022 jaridar New York Times ta wallafa bincike kan makarantun maza na Hasidawa a jihar Niyok, inda ta nuna da yawansu ba sa koyar da Ingilishi da lissafi yadda ya kamata. A wata babbar makaranta, ɗalibai sama da 1,000 sun zauna jarabawar jiha a 2019, ko ɗaya bai ci ba. Shugabannin al'ummar sun ce an yi musu rashin adalci, kuma karatun Talmud horo ne mai zurfi. Zurfinsa gaskiya ne, amma saurayin da ba ya iya cike takardar neman aiki an tauye shi, kuma iyaye mata na cikin waɗanda suka koka. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen jini.

Talauci ma yana nan. Garin Kiryas Joel na Hasidawan Satmar, arewa da Niyok, an taɓa lissafa shi a matsayin mafi yawan matalauta cikin garuruwan Amurka masu mutum sama da 10,000. A Lakewood ta jihar New Jersey, inda babbar makarantar Beth Medrash Govoha take tun 1943, samari da yawa kan ci gaba da karatun addini shekaru bayan aure, matar ce ke fita neman abin sawa a baka, ta dawo ta tarar da yara biyar ko shida. A makarantun kuɗi na masu sassauci kuwa, kuɗin yaro ɗaya kan haura dala 20,000 a shekara, har wasu ma'aurata na ƙayyade haihuwa saboda shi. Ana yabon uwa a waƙar daren Juma'a, amma yabo ba ya wanke kwanuka kashi biyu, na nama daban na madara daban, kamar yadda dokar abincinsu ta tanada. Ina ganin mazan al'ummar, masu ba da fatawa da masu riƙe da asusu, har yanzu ba su biya matan nan haƙƙinsu ba.

Ga kuma tsoro. Tun ranar 27 ga Oktoban 2018, da wani ɗan bindiga ya kashe mutum 11 a majami'ar Tree of Life da ke Pittsburgh, mai gadi a ƙofar makarantar renon yara ya zama abin yau da kullum. Na kuma san da yawa daga masu karanta wannan rahoto zuciyarsu na Gaza, inda dubban yara suka mutu, iyaye mata suka rasa gadon da za su zauna a bakinsa, balle littafi. Wannan ciwo na gaske ne, kuma babu abin da ke cikin rahoton nan da ke rage shi. Amma uwar da ke Buruklin ba gwamnati ba ce. A cikin Yahudawan Amurka akwai masu goyon bayan Isra'ila ido rufe, akwai waɗanda suka fita zanga-zangar adawa da yaƙin Gaza, akwai kuma Satmar da tun asali ba su yarda da aƙidar kafa ƙasar ba. 'Yar shekara biyu mai cizon littafi ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Mu koma ga Grinspoon: dattijo ɗaya mai gidajen haya ya fara da yara 200 a yankinsu, bai jira gwamnati ba. Ina kira ga masu hali a cikinmu su dubi wannan lissafi: littafi ɗaya, yaro ɗaya, wata ɗaya, cikin harshen da uwarsa ke yi masa magana, a biya marubuci da mai zane haƙƙinsu. Kai kuma maigida, idan littafin ya shigo gidanka, kada ka bar wa uwar yara ita kaɗai. Karɓi jaririn daga hannunta, ko ka karɓi littafin.